Wane suna ya dace da yadda mabushi yake sarrafa bakinsa a kan abin busa?

Ɗalibin Al'ada, daga Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyaye da malamai da 'yan'uwa, da fatan an wuni lafiya.

Ni ɗalibi ne mai nazarin harshe da al'adun Hausa a nan Sakkwato, kuma kundin kammala digirina ya shafi bushe-bushen fada da na karkara, wato kakaki da farai (dogon abin busa na itace) da ƙaho da algaita da sarewa. Na iso babin da zan bayyana yadda mabushi yake sarrafa leɓɓansa da haƙoransa da harshensa da kumatunsa har sauti ya fito yadda ake so, to a nan ne nake buƙatar suna guda wanda zan riƙe daga farkon babin zuwa ƙarshensa, maimakon in yi ta maimaita doguwar jimla a kowane shafi. Littattafan Turawa suna da kalma ɗaya da suke kiran wannan abu da ita, amma ba na son in ɗauko ta in dasa a rubutun Hausa, alhali muna da mabusa ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su iso ƙasar nan.

Abokan karatuna sun kawo mini shawarwari. Wani ya ce in rubuta "kamun baki", wani ya ce "riƙon baki", wasu suka ce "salon busa" ko "daidaita leɓɓa". Ina son in san wanne ne mabusa da kansu suke faɗa idan suna koyar da yaro, kuma ko ma'anarsu ɗaya ce har zan iya musanya wannan da wancan. Sannan kumbura kumatu, da dabarar nan ta mai algaita wadda ba ya yanke busa domin ya shaƙi iska, su ma suna cikin abin da sunan zai ɗauka, ko kuwa su daban ne? Allah ya saka da alheri.

Jikan Mabusa, daga Wurno

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Ni kasuwanci nake yi, amma kakana da mahaifina da ƙanen mahaifina duk algaita suka busa wa hakimai, a cikin ƙararta na tashi, kuma na koya har hannuna ya san ramukanta kafin in koma kasuwa.

A gidanmu ba suna ake ba wannan abu ba, umarni ake bayarwa. Za ka ji ana ce wa yaro "aza baki daidai", ko "matse gefe, iska na zuba", ko "bakinka bai zauna ba tukuna". Ranar da aka ji sautinsa ya miƙe ba ya rawa, sai dattijo ya ce "bakinsa ya zauna", wani lokaci kuma ya ce "bakinsa ya faɗa", yadda ake cewa hannun tela ya faɗa. Kalmomin da abokanka suka ba ka kuwa, kunnena bai saba da su a bakin mabushi ba.

Amma kafin ka zaɓi suna, ya kamata ka ga abin da bakin yake yi a kan algaita, domin mafi yawan masu kallo suna zaton leɓɓa ne ke fitar da sautin, alhali ba haka ba ne. Jikin algaita itace ne da aka fafe aka lulluɓe da fata, ƙasanta a buɗe, ramukan yatsu kuma galibi huɗu ne. A samanta akwai siririn bututun ƙarfe, a jikin bututun akwai ɗan faifai zagayayye, sannan a can ƙarshe akwai ɗan kara wanda aka matse bakinsa ya zama leɓe biyu. Wannan ɗan karan shi ne mai kukan. Mabushi yana zura shi gaba ɗaya cikin bakinsa, ba ya cizonsa, ba ya matse shi da leɓɓa, sai ya bar shi a sake a tsakiyar iskar da ta cika bakin, leɓɓansa kuma suna manne da faifan nan ta yadda ko kaɗan iska ba za ta sulale ta gefe ba. Saboda haka aikin leɓɓan mai algaita toshewa ne da jingina. Wannan ne ma dalilin da ya sa algaita ba ta iya raɗa ba: tunda babu abin da ya riƙe karan, da zarar ya tashi sai ya yi kuka da dukkan ƙarfinsa, shi ya sa take ratsa ƙarar ganguna da hayaniyar dawaki a ranar hawa.

Na sha ganin mahaifina da asubahin Sallah yana kwance ɗan gwangwanin da yake ajiye kararen nan, ya zaɓi ɗaya, ya jefa a bakinsa yana tsotsa yana ɗaura rawani, domin busasshen kara ba ya tashi, idan ma aka tilasta shi sai ya tsage. Idan ya ci goro sai ya kurkure baki sosai kafin ya taɓa algaita, saboda ɗan tukar goro guda idan ya maƙale tsakanin leɓɓan karan, sautin zai ɗauke a gaban jama'a.

Game da numfashin da ka tambaya, a wurinmu darasi ne daban, kuma shi ake fara koya wa yaro tun kafin a miƙa masa algaita. Ana ba shi siririn kara mai rami da ƙwarya cike da ruwa, a ce ya hura, kada kumfar ta tsaya. Idan iskar ƙirjinsa ta kusa ƙarewa, sai ya tara saura a kumatu, ya toshe hanyar maƙogwaro da bayan harshe, kumatu su ci gaba da tura iskar waje, shi kuma ya ja sabuwa ta hanci a daidai wannan lokaci. Kumatun suna aiki ne irin na zugazugin maƙeri, wanda ake matsa ɗaya ɗaya domin kada wutar ta rasa iska. Yaro yakan ƙware da ruwan ya yi tari sau da yawa kafin abin ya zo masa. Na san yara da suka iya numfashin sarai amma bakinsu bai zauna ba, iska tana ta zuba ta gefen faifai, na kuma san waɗanda bakinsu ya zauna amma suna yankewa su yi numfashi. Tunda mutum yana iya samun ɗaya ya rasa ɗaya, a ganina kada ka haɗa su a suna guda.

Tsohon Ɗan Badujala, daga Runjin Sambo

Ɗana mai tambaya, sannu da ƙoƙari. Malam na Wurno ya yi bayani mai kyau a kan algaita, sai dai ina son in jawo hankalinka cewa idan ka ɗauki abin da ya faɗa ka shimfiɗa a kan kowane abin busa, za ka ɓata rabin babinka. Na yi aikin badujala har na yi ritaya, na fara da bigila, daga baya na koma ƙahon Turawa mai maɓalli uku, kuma a wurinmu maganar ta juya gaba ɗaya: babu wani kara a cikin bigila, leɓɓan mutum su ne karan.

Ga yadda muke koyar da sabon shiga. Za a ce ya rufe baki kamar zai furta harafin "m", ya ɗaure kusurwoyin bakin biyu, ya bar tsakiyar leɓɓan da taushi, sannan ya tura iska har leɓɓan su kama karkarwa suna ƙara da kansu, tun bai ɗauki komai a hannu ba. Sai wannan ƙarar ta samu ake ba shi ɗan ƙoƙon ƙarfen da ake ɗorawa a baki, ya yi ta busa shi shi kaɗai, daga baya a haɗa masa da jikin bigila. Bigila ba ta da rami, ba ta da maɓalli, amma ana fitar da muryoyi wajen biyar daga cikinta, kuma duk kiran da ake yi a bariki, na tashi da na fareti da na sauke tuta, da waɗannan muryoyin ake yin su. Abin da ke raba murya da murya shi ne yadda mutum ya ƙara ɗaure leɓɓa, ya rage ƙofar da iska ke bi, ya ɗaga harshe, ya ƙara wa iskar gudu. Maɓallan da ake gani a ƙahonin zamani sai wajajen 1815 aka ƙirƙiro su a Jamus, kuma ko da suka zo ba su sauke wa leɓe aikinsa ba, sun dai cike giɓin da ke tsakanin muryoyin.

Mu kumbura kumatu laifi ne a wajen koyo, domin idan kumatu suka cika sukan janye kusurwoyin baki, sai sautin ya warwatse. Akwai wanda ya saɓa wa wannan ƙa'ida ya kuma shahara, wato Dizzy Gillespie na Amurka, wanda kumatunsa ke cika har wuya idan yana busa, amma ba a koyar da yara da shi. Babban kuskuren da na fi gani shi ne danna ƙarfen a kan leɓe da ƙarfin hannu domin a kai ga siririyar murya. Muryar takan fito, amma jini ba ya zagayawa a wurin, sai ka ga zoben ƙarfen ya fito sak a leɓen yaro, kafin a gama fareti leɓen ya kumbura ya daina karkarwa. Louis Armstrong, wanda ya zo Nijeriya a 1960, ya sha fama da tsagewar leɓe a rayuwarsa saboda irin wannan matsi. A nan Sakkwato kuma hunturu yana ƙara mana wahala, domin leɓen da ya bushe ya tsage ba ya busa. Mukan shafa man kaɗe da dare, amma ba daf da busa ba, saboda ƙarfen zai riƙa zamewa. Wanda ya rasa haƙorin gaba ma sai ya sake koyo kusan daga farko, tunda haƙora ne bangon da leɓe ke jingina da shi.

Abin da muke faɗa a tsakaninmu kuwa "leɓe" ne kawai. Za ka ji an ce "wane yana da leɓe", wato yana daɗewa bai gaji ba, ko mutum ya ce "leɓena ya mutu" bayan dogon fareti, ko a ce wa wanda ya dawo hutu "sai ka tayar da leɓenka". Don haka ni "daidaita leɓɓa" bai yi mini nisa da gaskiya ba. Sai dai in yi adalci, a cikin badujalar ma akwai masu busa saksafon, wanda Adolphe Sax ɗan ƙasar Beljiyam ya yi wa rajista a 1846, su kuma nasu wani iri ne: leɓen ƙasa yana naɗe a kan haƙoran ƙasa yana tallafe da kara guda, haƙoran sama suna zaune a kan bakin abin busan. A nan kam akwai riƙo na gaske, ba kamar algaita ba.

Malamar Hausa, daga Arkilla

Ina gaida Baba na Runjin Sambo da Malam na Wurno, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka kawo shi ne ginshiƙin amsar, ni zan taɓa ɓangaren harshe ne kawai.

Ɗalibi, kalmomin nan huɗu ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma biyu daga cikinsu suna da masu su tun tuni. Baki yana daga cikin kalmomin da Hausa ta fi ɗora wa kaya, har da wuya ka haɗa shi da wani aikatau ba ka taka wata ma'ana da ta riga ka zama ba. Idan ka rubuta "kamun baki", mai karatu zai tuna da "kama bakinka", wato yi shiru, ko kuma kame baki na mai azumi. Idan ka rubuta "riƙon baki", zai hango mutumin da mamaki ya kama ya riƙe baki. Haka abin yake idan ka gwada wasu: cika baki alfahari ne, sa baki shiga magana ne, haɗa baki ƙulla makirci ne, tsuke baki ƙin magana ne, buɗa baki na mai azumi ne, toshiyar baki kuwa kowa ya san ta. Ana iya tilasta wa kalma sabuwar ma'ana a rubutun ilimi, amma bai kamata ka ɗora wa mai karatu wahalar korar tsohuwar ma'ana a kowane layi ba, musamman da yake Malam ya nuna mana cewa mai algaita ba ya kama komai ba ya riƙe komai da leɓɓansa.

"Salon busa" ya yi faɗi da yawa. Salo ya ƙunshi taken da mabushi ya zaɓa, da yadda yake jan murya ko karya ta, da inda yake tsayawa, kuma mabusa biyu da suka koya a hannun mutum ɗaya, suke aza baki iri ɗaya, suna iya bambanta a salo nesa ba kusa ba. Ka adana wannan kalma, za ka buƙace ta a wani babin. "Daidaita leɓɓa" kuma ya yi ƙunci: ya dace da bigila kamar yadda Baba ya ce, amma ya bar haƙora da harshe da haɓa a waje, sannan aiki yake nunawa na lokaci guda, alhali kai kana neman sunan yanayin da baki yake ɗorewa a kai muddin ana busa.

Ni abin da zan zaɓa shi ne "zaman baki", kuma daga maganar gidan su Malam na ciro shi, inda ake cewa "bakinsa ya zauna". Hausa ta saba da wannan ƙira, domin muna cewa rawani ya zauna, hula ta zauna, karatu ya zauna, duk da ma'anar abu ya sami wurinsa ya tabbata. Sunan bai ce kamawa ba, bai ce matsewa ba, saboda haka zai ɗauki algaita da bigila da sarewa ba tare da ya yi wa ɗayansu ƙarya ba. Idan kana buƙatar aikatau sai ka yi amfani da "aza baki", ka kuma nuna cewa Sakkwatanci ne, a Kano "ɗora" za a ce. Sharaɗi biyu ne kawai. Na farko, ka bayyana a wurin da ka fara kawo sunan cewa kai ne ka gina shi daga furucin mabusa, kada ka rubuta kamar su ne suke kiransa haka. Na biyu, ka kula da lanƙwasar haruffa wajen buga kundin, domin idan mai bugawa ya sa ƙ a wurin k, "zaman baki" ya koma "zaman baƙi", magana ta tafi masauki.

Ka kuma kiyaye bambancin "busa" da "hura". Ana hura wuta, ana hura iska a cikin abu domin ya cika, amma ana busa sarewa da algaita da kakaki, kuma daga nan ne muka sami mabushi da mabusa da bushe-bushe. Yaron da ke gaban ƙwaryar ruwa hurawa yake yi, sai ranar da sauti ya fito ne ya fara busa.

Wajen tsara babin, rabon da masana kiɗa Hornbostel da Sachs suka yi wa kayan kiɗa a 1914 zai taimake ka, domin sun kasa kayan busa ne bisa abin da ke haifar da sautin: waɗanda iska ke tsagewa a gefen baki, da masu kara, da waɗanda leɓɓan mutum ke karkarwa a cikinsu. Kana kuma da kalmomin tsarin sauti da ka riga ka karanta, wato leɓe da haƙori da hanƙa da ganɗa da hanɗa. Abin da Malam ya kira toshe maƙogwaro da bayan harshe, haɗuwar bayan harshe da hanɗa ne, wurin da muke furta "k" da "g". Ka leƙa ƙamusun Bargery na 1934, wanda yake sa alama a kan kalmomin Sakkwato da na Katsina, da kuma littafin kalmomin kiɗan Hausa na Ames da King na 1971, amma ka tuna Ames da King a Zariya da Katsina suka fi yin bincikensu, don haka abin da ka ji da kunnenka a ƙasar Sakkwato shi ne hujjarka ta farko.

Maƙwabci, daga Birnin Ƙonni

Gaisuwa ga mutanen Sakkwato daga wannan gefen iyaka. Kalmar da ɗalibi ya gani a littattafan Ingilishi asalinta ta Faransanci ce, ana furta ta kusa da "ambushur", kuma daga kalmarsu ta baki aka gina ta. Abin lura shi ne, a Faransanci ba yadda mutum yake aza baki kaɗai take nufi ba: ita ce sunan ɗan ƙoƙon ƙarfen da Baba ya ambata, ita ce wurin da kogi yake faɗawa teku, ita ce kuma ƙarfen linzami da ke shiga bakin doki. Su ma ke nan kalmar gida suka ɗauka mai ma'anoni da yawa, masu busa suka keɓe ta da yawan amfani, Ingilishi kuma ya ara daga baya. Saboda haka ina goyon bayan Malama, babu abin da zai hana Hausa ta yi nata daga cikin gida.

Ɗan Bakin Rima, daga Kware

Salamu alaikum. Na ga ba a ce komai a kan sarewa ba, ni kuma da ita na yi kiwo ina yaro. Sarewa ba ta da ɗan kara mai kuka a ciki irin na algaita, leɓe kuma ba ya karkarwa. Kara ne mai rami a buɗe sama da ƙasa, da ramukan yatsu huɗu, ana riƙe ta a karkace, a jingina gefen bakinta a leɓe, a tsuke leɓɓa irin na mai fito, a aika siririyar iska ta bugi ɗaya gefen. Idan iskar ta shige ciki duka babu sauti, idan ta wuce waje duka babu sauti, sai ta rabu biyu a kan kaifin gefen. Mai koyo yakan yi kwanaki ba ya jin komai sai huci, har jiri ya ɗebe shi, mu kuma abin da muke cewa shi ne "bai sami bakinta ba tukuna". Da ya samu, ɗan karkatar da kai ko ɗan ƙara wa iska ƙarfi ya isa ya ɗaga muryar zuwa sama.

Ina son Malama ta lura da wannan magana tamu, domin a nan bakin na sarewa ne, ba na mutum ba. Abin busa ma yana da baki. Idan ɗalibi zai rubuta "zaman baki", to a wuraren da za a iya rikicewa ya cika shi ya ce "zaman bakin mabushi", ya bar "bakin sarewa" da "bakin kakaki" ga kayan.

Ɗalibin Al'ada, daga Mabera

Na gode ƙwarai, iyayena da malamaina, Allah ya bar zumunci. Zan ɗauki "zaman baki" tare da sharuɗɗan da Malama ta gindaya da gyaran da Malam na Kware ya kawo, zan kuma ware numfashi a sashe na daban. Saura abu ɗaya da ya tsaya mini. Baba ya ce masu bigila ba sa kumbura kumatu, Malam na Wurno ya ce masu algaita da kumatu suke aiki. To kakaki fa? A hawan Sallah na ga masu kakaki kumatunsu a cike kamar na masu algaita, amma kuma ban ga kara a bakin kakakin ba. A wane kashi zan sa shi?

Jikan Mabusa, daga Wurno

Ƙanena, kada kumatu su ruɗe ka. Tambayar da za ka riƙa yi wa kowane abin busa ita ce: mene ne yake karkarwa? A kakaki leɓɓan mutum ne, don haka ɗan'uwan bigila ne, shi da farai da ƙaho, duk da cewa a fada tare da algaita ake ganinsu. Cikar kumatun mai kakaki ta yawan iskar da dogon bututun yake ci ce, ba ta ajiyar numfashi ba ce, shi ya sa za ka ji busan kakaki guntu-guntu ne, a yi a tsaya, algaita kuwa ta miƙe ba yankewa.

Kakaki ƙarfe ne tsawonsa ya haura mita biyu, wani ya kai uku ko fiye, kashi biyu ne da ake haɗawa idan za a busa a kuma raba idan an gama, kuma bakinsa a jikinsa yake, mai faɗin gefe. Nauyinsa da tsawonsa suna shiga cikin zaman bakin, domin mutum yana ɗaga shi sama da hannu, wani lokaci a kan doki, kuma duk girgizar da ƙarshensa ya yi a leɓe take sauka. Muryoyin da aka fi fitarwa biyu ne, ta ƙasa da ta sama, da leɓe kaɗai ake tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya. Waɗannan biyun sun isa, saboda Hausa da kanta da karin sama da karin ƙasa take tafiya, sai mabushi ya bi hawa da saukar kalmomin kirarin sarki, wanda ya san taken kuma ya ji maganar sarai. Idan bakin mai kakaki bai zauna ba, muryar sama ta ƙi fita, to ba sauti kaɗai ya ɓaci ba, kirarin ne bai faɗu ba, kuma fadawa za su ji. Ƙaho shi kuma a gefe ake busa shi, ta ramin da aka huda kusa da tsininsa, don haka leɓɓa iri ɗaya suke aiki amma riƙon ya bambanta.

Ka sani kuma kakaki kayan sarauta ne tun da daɗewa. Tarihin Kano ya ambace shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara. Wannan yana da amfani ga aikinka ta fuskar ladabi, domin ba a busa shi haka kawai don wani ya ji. Idan za ka je wurin masu shi, kada ka tare su ranar hawa, ka bi ta hannun shugabansu, ka same su a gida da ɗan goronka, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya ko hoto. Kada kuma ka tambaye su "me kuke kiran kaza", domin za su ba ka amsar da suke zaton kana so. Ka roƙi a raba kakakin a ba ka kashin sama ka gwada a gabansu, ka bar su su gyara maka, abokin tafiyarka kuma ya zauna gefe da takarda yana rubuta duk kalmar da ta fito daga bakinsu lokacin gyaran.